Fim ɗin "Sarauniya" na Med Hondo da matsalar harshensa

A shekarar 1980 ne Abdullahi Mamani, tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba, ya wallafa littafinsa da Faransanci a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Daga wannan littafi Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya shirya fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Wanda ya zo kallon yaƙi zai tarar da shi, amma ƙarfin fim ɗin yana cikin siyasarsa. Sarakunan maƙwabta suna shawara a kan ko za a taimaki mace, kuma ba'azna, ko kuwa a bar Nasara ya gama da ita. Wasu suka zaɓi bin Nasara. Bayan Lugu labarin ya koma cikin rundunar kanta, inda mai kallo ke ganin yadda iko ke ruɓewa sannu a hankali. Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya karɓe masa shugabanci, ranar 14 ga Yuli kusa da Tasawa; cikin kwana uku sojojinsa baƙaƙe suka kashe shi, shi da Chanoine. A wannan sashe an bar Sarauniya a gefe na dogon lokaci, kuma wannan aibi ne, ko da yake nan ne zuciyar mai kallo ta fi tsinkewa.

Abin da ya shafi masu binciken harshe shi ne wannan. An yi niyyar ɗaukar fim ɗin a Nijar, abin bai yiwu ba, sai aka ɗauke shi a Burkina Faso zamanin Sankara. Saboda haka Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, da Julanci take magana, sauran kuma Fillanci da Faransanci. Har kalmar "sarauniya", wadda sarauta ce, rubutun Faransanci ya sa baƙi suna ɗaukarta sunan yanka.

Manomi a Yauri ta ƙasar Matamaye ba zai ji maganar jarumar ba, kuma fassarar da ke ƙasan hoto ba ta amfane shi, domin ajin yaƙi da jahilci Hausa ya koya masa. Alhali ragowar wannan runduna ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, watau labarin na kakanninsa ne. Ya kamata masu tsara karatun manya su nemi a sa wa fim ɗin murya da rubutu na Hausa, da karin harshen Arewa a bakin mutanen Lugu, sannan a ciro tattaunawar sarakunan a mai da ita ɗan littafin karatu.