Lambar ±20 ppm ba ta faɗa maka yaushe agogo zai fara ƙarya

Buɗe takardar bayanin kowace ƙaramar na'ura da ke sarrafa tashar lantarki ko injin masana'anta, sau da yawa layi ɗaya za ka gani game da agogonta: ±20 ppm. Da shi ake tallata na'urar, da shi injiniya ke sa hannu. Layin ba ƙarya ba ne, amma a ganina yana amsa tambayar da ba ita ce ta fi damunmu ba.

Cikin na'urar akwai ɗan dutsen kwaz da ke karkarwa sau 32,768 a sakan, da shi take ƙirga lokaci. Kuskuren 20 ppm na nufin kashi 20 cikin miliyan, wato sakan 1.7 a rana. Muddin tana samun gyara daga GPS ko daga sabar lokaci ta NTP, ba wanda zai lura, don kullum ana dawo da ita kan hanya. To idan kebul ya yanke fa, ko eriyar GPS ta mutu? Awa nawa za a ci gaba da yarda da agogon? A nan takardar ke yin gum.

Aibi na farko: a digiri 25 ake auna lambar. Irin wannan dutsen yana rage gudu idan zafi ya kauce daga nan, sama ko ƙasa, kuma ragin ba a miƙe yake tafiya ba. Lissafin shi ne kusan 0.034 ppm sau tazarar zafin, sau tazarar kuma. A digiri 35 ragin 3.4 ppm ne kawai. A digiri 55 ya haura 30 ppm, ya fi dukan abin da aka rubuta. Duk wanda ya taɓa akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana a Sakkwato cikin Afrilu ya san digiri 55 ba almara ba ce. Ga kuma tsufan dutsen, wanda ke ƙara 'yan ppm a shekarar farko.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Takardar na magana kamar na'urar ita kaɗai ce a duniya, alhali a cikin hanyar sadarwa abin da ake buƙata shi ne na'urori su yarda da juna. A ce ɗaya na gudu da 20 ppm, ɗayar na jan ƙafa da 20 ppm. Tazararsu 40 ppm ke nan, kuma cikin sakan 25 kacal sun bambanta da milisakan ɗaya. Milisakan ɗaya kuwa shi ne ma'aunin da ake so a tashar lantarki don a gane wane makunni ne ya fara faɗuwa. Bayan awa guda babu gyara, rajista na iya nuna sakamako ya riga sanadi.

Wannan ba hasashe ba ne. Ranar 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada. Masu bincike sun sha wahala wajen jera abubuwan da suka faru, saboda agogunan na'urori da yawa ba su daidaita da juna ba. Cikin shawarwarin rahotonsu na 2004 har da wajabta na'urorin rajista masu lokaci ɗaya.

A yi adalci, akwai masu yin abin kirki. Takardar DS3231, wanda ke auna zafi yana gyara kansa, ta fito fili ta ce ±2 ppm tsakanin digiri 0 da 40, da ±3.5 ppm daga -40 zuwa 85. Aƙalla ka san inda alkawarin ya tsaya. Haka ma na'urar da ta koyi karkatar dutsenta kafin gyara ya yanke tana daɗewa a kan daidai, sai dai koyon ya tashi a banza da zarar zafin ya sauya.

Abin da nake so in gani a takarda shi ne zane guda: kuskure a gefe ɗaya, awannin da aka yi babu gyara a ɗaya gefen, a cikin zafi mai hawa da sauka. Sannan a faɗa mana ko na'urar na sa alama a kan bayananta idan ta rasa gyara. NTP na da hanyar faɗin haka, mataki na 16 na nufin agogon bai daidaita ba, amma sai mai ƙera na'urar ya ga dama yake kai wannan alamar cikin rajista.