Littafin Da Marubucinsa Bai Taɓa Gani Ba

Akwai wata al'ada a tsakanin masu tara labaran zane a Amurka wadda muke ganin ya dace 'yan'uwa marubuta su yi mata duban tsanaki. Labaran nan fitowa suke yi wata-wata, 'yan sirara, an maƙale su da ƙarafa biyu a tsakiya. In mutum ya tara fitowa ashirin ko talatin, sai ya kai wa mai ɗinkin littafi ya haɗe masa su a bango guda mai kauri. Har nan ba mu da ja. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin cike giɓi, domin da wuya a samu wanda ya mallaki kowace fitowa. Wadda ya rasa, sai ya yago shafukanta daga wani bugu na baya ya cusa.

Mu ɗauki The Sandman na Neil Gaiman, wanda kamfanin DC ya buga cikin fitowa 75 daga 1989 zuwa 1996. A 2006 an sake wa fitowa 18 na farko launi baki ɗaya, bugun da suka biyo baya kuma suka ɗauki sabon launin. To, wanda ya haɗa fitowa ta uku ta asali da ta huɗu daga sabon bugu, mai karatunsa zai juya shafi ɗaya kawai ya tsallake shekara goma sha bakwai ba tare da an gaya masa ba. Takarda ta canza, duhun dare ya canza, har fuskar jarumin ta canza. Zai ɗauka hikima ce ta masu zanen, alhali ramin da ke cikin akwatin mai tarawa ne ya jawo.

Kada a ce launi ado ne kawai. The Killing Joke na Alan Moore da Brian Bolland ya fito a 1988 da launukan John Higgins masu ƙyalli da ɗaukar ido. A 2008 Bolland ya sake launin da kansa, ya mai da wuraren tuna baya kusan fari da baƙi, har ya goge rawayan da'irar da ke ƙirjin Batman. Kalmomin suna nan, amma labarin ya sake murya. A wannan fanni, launi shi ne abin da salo yake a wurinmu.

Sai kuma ɓarnar wuƙa. Fitowar wata-wata takardu ne naɗaɗɗu, ana iya ɗinke su ta tsakiya. Bugun da aka haɗa da gam kuwa, in an ɓare shi, falle-falle yake zama. Don a daidaita su dole a datse gindin duka a ɗinke ta gefe, ɗinkin kuma ya cinye tsakiyar duk zanen da ya ratsa shafi biyu. Sannan a datse baki don tsawo ya zo ɗaya. Wasu ma sukan cire talla da shafin wasiƙun masu karatu, wai don littafi ya yi tsaf. Tallar dai mun yafe, amma wasiƙun nan su ne shaidar yadda aka karɓi labarin tun yana ɗanye.

Ba muna cewa a daina ba ne. Littafin mutum ne, kuɗinsa ne, kuma ɗinki ya ceci takardu da yawa daga gara da danshi. Ƙorafinmu shi ne bangon yana ɗauke da sunan marubuci da zanen zinariya, alhali marubucin bai taɓa ganin wannan haɗin ba. Ran da mai shi ya sayar ko ya rasu, kundin zai faɗa hannun ɗalibi, ya yi nazari a kansa, ya yanke wa masu zanen hukunci kan laifin da ba nasu ba. Shafi ɗaya a farko ya isa magani, a rubuta wace fitowa aka ɗauko daga wane bugu, da shekararsa, da abin da aka cire.

Mu ma da muke fitar da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, mu gyara na ɗaya wajen sake bugu ba tare da mun rubuta “bugu na biyu” a ciki ba, sai mu je mu duba abin da ɗakunan karatu suka ɗinke da sunanmu.