Kada a kunna rediyo a layin farko

Marubuta labaran laifi a Amurka sun daɗe suna wani yayi: a zaɓi mawaƙi ɗaya, a raba wa marubuta waƙoƙinsa, kowa ya ɗauki sunan waƙa guda ya gina gajeren labari a kai. Joe Clifford ya tattara irin waɗannan labarai kan waƙoƙin Bruce Springsteen a 2014, Josh Pachter kuma ya yi na Joni Mitchell a 2020, ya bi da Billy Joel da Paul Simon har da Beatles. Yayin ya yi mini. Inda nake da ja shi ne yadda ake buɗe labarin.

Hanya mafi sauƙi, wadda hannu ke kai wa kafin tunani, ita ce a sa tauraron labari cikin mota da dare, ya murɗa rediyo, sai ga waƙar. Marubuci ya ga kamar ya sauke nauyi. Ni kuwa a ganina bashi ya ci, don ya jingina ne da abin da mai karatu ke ji game da waƙar, bai gina nasa ba. Wanda bai taɓa jin ta ba fa? An bar shi a ƙofa ke nan.

Wani abin sha'awa, doka ma tana taimakon marubuci a nan ba da niyya ba. Kwafo baitin waƙa cikin littafi sai da izinin mai haƙƙin mallaka, galibi har da biyan kuɗi, amma sunan waƙa ba a hana kowa ba. Tunda baiti ya fi ƙarfinka, sai ka nemi abin da ke ƙarƙashinsa: wa ke magana a waƙar, da wa yake, me yake ɓoyewa?

Springsteen da kansa ya nuna yadda ake yi a waƙarsa Nebraska ta 1982. Labarin Charles Starkweather ne, saurayi ɗan shekara 19 da ya kashe mutum 11 a jihohin Nebraska da Wyoming tsakanin 1957 da 1958, mafi yawansu yana tafe da budurwarsa 'yar shekara 14. Waƙar ba ta fara da gawa ba. Makashin ne ke ba da labari da bakinsa, ya fara daga lokacin da ya hango yarinyar tana wasa a ƙofar gidansu, murya a kwance, ba ɗar ba nadama. Wannan sanyin murya shi ke tayar da tsikar jiki, kuma shi ya kamata marubuci ya ara ya sa a jimlarsa ta farko, ko da labarinsa bai ambaci Nebraska ba ko sau ɗaya.

Mu nan ba mu rasa abin ara ba. Muhammadu Gambu ya yi suna da waƙar ɓarayi, yana yi musu kirari kamar yadda ake yi wa 'yan dambe. Marubuci Bahaushe da ke son gina labari a kan wannan bai kamata ya ɓata shafin farko wajen bayanin sanyin safiya da kukan zakara ba, yadda aka saba. Ya kai mu dandali kai tsaye. Maroƙi yana wasa wani gwani, yana lissafa shanun da ya kora cikin dare guda, ana ta liƙi ana shewa. A cikin taron akwai dattijon da ya gane cewa garkensa ake nufi, ga shi kuma ɗan ƙanensa ne ke tsakiyar fili yana karɓar kirarin. Kafin sakin layi na biyu mai karatu ya san ɓarawo, ya san mai dukiya, abin da ya rage masa ya sani shi ne ko tsohon zai kai ƙara wajen hakimi ko gidan ƙanensa zai nufa a daren.