Jinjina ga Masu Rubuta Labarin Zango

Marubutan Zangon Kumasi sun cancanci jinjina, domin sun karɓe labarin unguwarsu daga bakin 'yan kallo. Tun korar baƙi da gwamnatin Firayim Minista Busia ta yi a Ghana a 1969, ɗan Zango mai kasa kaya a kasuwar Race Course yake shan tambayar asalinsa, ko da a Kumasi aka yanke masa cibiya. Mohammed Naseehu Ali ya amsa ta a littafinsa The Prophet of Zongo Street na 2005: ga Malam Sile mai shayi, ga baƙar fata ɗan ci-rani a Amurka. Wani zai ce ai da Turanci ya rubuta, ya bar harshen gida. Haka ne, amma masu yi wa Zango wannan tambaya Turancin suke karantawa.