Iridiyam shi kaɗai bai isa hujja ba

Idan ka karanta labarin ƙarewar dabbobin dainoso a shafukan kimiyya, kusan duk abu ɗaya za a gaya maka: wai an samu iridiyam a cikin wani yumɓu, shi ke nan, an gane cewa dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya. Wannan taƙaitawar tana da illa, domin tana koya wa mai karatu cewa awo ɗaya ya isa a yanke hukunci.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1980, Luis Alvarez da ɗansa Walter, tare da Frank Asaro da Helen Michel, sun wallafa bincike kan wani siririn shimfiɗin yumɓu a Gubbio ta ƙasar Italiya, mai shekaru kimanin miliyan 66. Ba ma dutsen sama suke nema ba, so suke su gano tsawon lokacin da yumɓun ya ɗauka yana taruwa. Sai suka tarar iridiyam ɗin cikinsa ya ninka na duwatsun sama da ƙasa da shi kusan sau 30. A Denmak kuwa, kusan sau 160. Iridiyam ƙarfe ne mai ƙaranci a ɓawon duniya, amma ya fi yawa a duwatsun sararin samaniya.

To amma duwatsu masu aman wuta su ma suna fitar da iridiyam, kuma a wannan zamanin ne aka yi gagarumin aman wutar Dekan a Indiya. Saboda haka masu musu suna da gaskiyarsu. Sai da aka samu ƙwayoyin yashi masu tabon bugu mai tsanani a cikin yumɓun, sannan a 1991 aka bayyana ramin Chicxulub a Meziko, mai faɗin kusan kilomita 180, hujjar ta tsaya da ƙafafunta. Wato an yi shekaru fiye da goma ana tara shaidu.

Me ya haɗa wannan da mu 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum? Mu ma mun ga abin da kallon sinadari ɗaya yake jawowa. Masu haƙar ma'adinai sun duba dutse, zinariya kawai suka gani, alhali dalma na cikinsa. Aka riƙa daka shi ana niƙa shi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. A 2010 ƙungiyar MSF ta lura da yadda yara ke mutuwa, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, kuma aƙalla yara 400 aka rasa. Iridiyam ɗin Gubbio kashi kaɗan ne cikin biliyan, duk da haka an auno shi. Dalmar wasu gidajenmu ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, amma ba a auna ba sai da aka fara jana'iza.

Don haka, malamai masu rubuta kimiyya da Hausa, ku daina yanke labarin a kan iridiyam. Ku faɗi me aka auna, me aka kwatanta shi da shi, wa ya yi musu. Mai karatun da ya saba da waɗannan tambayoyin, ranar da aka kawo sabon dutse garinsu, zai tambaya: ban da zinariya, me kuma ke ciki?