Kar a cire wa waya birki a zafin Daura

Bidiyoyin nan da ke koya wa mutane goge fayil ɗin kula da zafi na Android, wai don waya ta daina nauyi, rabin labarin suke faɗa. Linux ɗin da ke cikin wayar yana da matakai: zafi ya kai na farko, sai ya rage wa furosesa gudu, ya kai na ƙarshe, ya kashe ta ɗungurungum. Ana iya ɗaga lambobin, gaskiya ne, amma batirin lithium bai san an ɗaga ba. Caji sama da digiri 45 cin sa yake yi, har ya kumbura. To a Daura, cikin Afrilu, inuwa ma tana haura 40. Wayar da aka jona a rumfar kwano ta mai caji, digiri nawa ya rage mata?