Takardar Desiyus da Hukuncin Sifiriyan: Nazarin Littafin De Lapsis

Wajen ƙarshen shekara ta 249, Kaisar Desiyus ya ba da doka cewa kowane mazaunin daular Roma ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, duka na shekara ta 250. Mai takarda yakan shaida cewa ya zuba ruwan inabi, ya yi hadaya, ya kuma ɗanɗana naman. Ba a ambaci Kiristanci a cikinsu ba. Har wata mai hidimar gunkin kada ta karɓi tata. A ganin Romawa, zaman lafiyar daula ya rataya ne a kan yardar alloli, don haka wanda ya ƙi hadaya ya jefa kowa cikin hatsari. Hukuma ba ta tambayi abin da ke cikin zuciya ba, hannu kawai ta nema.

Masu bi da yawa sun fāɗi. A kansu ne Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta De Lapsis, wato "Game da Fāɗaɗɗu", a shekara ta 251.

Ƙarfin littafin shi ne ya gane tarkon dokar. Waɗansu ba su je bagadi ba, sun ba jami'i kuɗi ne ya rubuta musu takarda, suka ce lamirinsu da tsabta. Sifiriyan ya ƙi wannan hujja, domin wanda ya yarda a rubuta cewa ya yi hadaya ya riga ya yi musun Almasihu a bainar jama'a. Mun ga gaskiyarsa a nan. Ya kuma bambanta wanda azaba ta karya da wanda ya ruga dandali da ƙafarsa tun ba a kira shi ba, kuma wannan idon makiyayi ne.

Amma akwai wurare uku da muke ganin littafin ya gaza. Na farko, ya ɗauki tsananin a matsayin horon Allah saboda son dukiya da sanyin ikkilisiya. Wa'azi ne mai ratsa jiki, sai dai ya ɗora kusan dukan nauyin a kan waɗanda aka matsa wa, bai tsaya ya auna ikon da hukuma ta ba kanta a kan sujada ba.

Na biyu, ya ce mafita ita ce gudu, bisa ga Matiyu 10:23, kuma dukiya ce ta ɗaure waɗanda suka zauna. Shi kansa ya ɓuya fiye da shekara guda, yana bi da ikkilisiya ta wasiƙu, har limaman Roma suka yi masa gugar zana. Sifiriyan mai hali ne, yana da inda zai je. Bawa da gwauruwa mai 'ya'ya fa, ina za su? Littafin bai ba su amsa mai gamsarwa ba.

Na uku, ya dogara da labaran ban tsoro, kamar na jaririyar da aka ba abincin hadaya, ta yi amai a wurin Jibin Ubangiji. Irin wannan yana sa tsoro, amma tsoro dabam, tuba dabam.

Dole mu tuna da matsin da yake ciki. Waɗanda suka sha kurkuku suna raba takardun yafewa ba tare da bishop ba, a Roma kuma Nobatiyan yana cewa fāɗaɗɗe ba shi da hanyar dawowa. Majalisar Kartaj ta 251 ta bi tsakiya: masu sayen takarda su dawo bayan an bincika tubansu, masu hadaya kuwa su ci gaba da tuba, a karɓe su in ajali ya matso. Ba da daɗewa ba, da aka hango sabon tsanani, Sifiriyan da 'yan'uwansa bishop-bishop suka karɓi dukan masu tuba, domin ba a tura soja fagen fama da yunwa.

Saboda haka kada mu karanta De Lapsis shi kaɗai mu mai da shi ma'aunin horo a ikkilisiyoyinmu. Mu haɗa shi da wannan sassauci na baya, gama marubucin ya fi littafinsa jinƙai. A ranar 14 ga Satumba 258, a zamanin Kaisar Baleriyan, aka umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi, aka fille masa kai.